Me ya sa ƙananan motocinmu suka guji man gas?

Kusan duk tirelar da ta ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano man gas take sha, haka tifa, haka tanka. Amma shiga tasha ka duba ƙananan motocin haya, su Golf da Sharon, da ƙyar za ka ga mai injin dizal. A Faransa kuwa, a shekarar 2012, fiye da kashi 70 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar masu shan gas ne. To tsakaninmu da su, wa ya fi iya lissafi?

Injin ne farkon abin zargi, sai dai ba a daɗe ana tuhumarsa ba zai wanke kansa. Injin da Rudolf Diesel ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19 ba ruwansa da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama wuta da kansa da zarar an fesa shi. Wannan matsi, ga kuma litar gas da ta fi ta fetur ƙarfi, su ke sa motar dizal ta fi tattalin mai. A ce ta fetur tana shan lita 8 a kilomita 100, 'yar'uwarta mai gas 6 za ta ishe ta.

Ashe amsar tana gidan mai. Faransa ta daɗe tana sassauta wa gas haraji, a wancan lokacin litarsa ta fi ta fetur araha. Najeriya ta yi akasin haka: ta zuba tallafi a kan fetur, ta bar gas a hannun kasuwa. Wajen ƙarshen 2022 farashin fetur a hukumance bai wuce Naira 185 ba, alhali gas ya haura 800. Lita 8 ɗin nan ta tashi Naira 1,480, lita 6 ta gas kuma 4,800. Direban da ya zaɓi fetur ya san abin da yake yi.

Da a nan maganar ta ƙare, da ta zo da sauƙi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, fetur ya yi tashin gwauron zabi, ratar da ke tsakanin man biyu ta tsuke ƙwarai. Duk da haka ba a ga direbobi na rububin motar dizal ba. Saura me?

Sauran yana gareji. Injin dizal na zamani ba irin na tsohuwar roka ba ne da ke haɗiye duk abin da aka ɗura masa. Famfonsa na tura mai da matsanancin ƙarfi ta ƙofofin nozul masu sirantaka, don haka ɗan ruwa a tanki, ko gas da aka gauraya da kananzir, ya isa ya kashe su, kuma kayan gyaransu sun fi na fetur tsada nesa ba kusa ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda ake shigo da gas mai yawan sinadarin farar wuta Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da ninki 300 na abin da Turai ta halatta, ga shi motocin an ƙera su ne don man Turai. Akwai kuma matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda sai a doguwar tafiya take ƙone baƙin hayaƙin da ta tara. Motar da kullum tana cunkoson cikin gari, daga gida sai kasuwa, toshewa matatarta take yi. Gyara ɗaya irin wannan kan lashe rarar man watanni, idan ma an dace da bakaniken da ya san kan injin.

Tirela ba ta da wannan damuwa, domin nauyin kayanta sai jan dizal, kuma nisan da take ci yana mayar da kuɗin gyara.

Saboda haka mai dogon zango kullum, wanda ke da amintaccen gidan mai da ƙwararren bakanike, dizal zai iya yi masa riba yanzu. Mai zirga-zirgar cikin gari ya riƙe motarsa ta fetur.