Me Ke Cikin Ƙurar Hunturu?

'Yan'uwa manoma, kowace shekara daga wajen watan Nuwamba har zuwa Maris iska takan juyo daga arewa maso gabas, ta kawo mana sanyi da hazo. Rana takan dushe, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, tari kuma ya kama gida bayan gida. Mun saba da wannan har ba mu tambayar kome a kai. Amma tun da yake muna shaƙar wannan ƙura wata huɗu ko biyar a shekara, mu da 'ya'yanmu, ya kamata mu san inda take fitowa, da abin da ke cikinta, da abin da take yi mana.

Daga ina take zuwa?

Mai yawa daga cikin hazon da ke rufe ƙasar Hausa yana tasowa ne daga arewacin ƙasar Cadi, daga wani babban kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce wurin nan ruwa ne. Tafkin Cadi na wancan zamani ya fi na yau girma nesa ba kusa ba, kuma Bodele ne wuri mafi zurfi a cikinsa. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar busasshiyar laka fara mai laushi kamar gari.

Akwai manyan duwatsu biyu a yankin, Tibesti da Ennedi. Iska takan matsu a tsakaninsu, ta fito da ƙarfi kamar ruwan da aka matse a bakin tiyo, ta daki wannan laka, ta ɗaga ta sama. A cikin kwana ɗaya ko biyu sai ƙurar ta iso Kano da Damagaram. Wata ma takan haye tekun Atilantika har ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka. Yankin Bilma na ƙasar Nijar shi ma yana ba da nasa kashi.

Abin da ke cikinta

Masana sun tara wannan ƙura sun auna. Kashi mafi yawa garin yashi ne, wato dutsen nan mai ƙarfi da ake narkarwa a yi gilashi, wanda suke kira silika. Sai yumɓu, da tsatsar ƙarfe wadda ita ce ke sa ƙura ta yi ja, da ɗan alli da gishiri. Ƙurar Bodele kuwa tana ɗauke da ɓawon waɗansu ƙananan halittun ruwa da suka rayu a tsohon tafkin nan. Ido ba ya ganinsu, kuma ɓawon nasu shi ma silika ne.

Ba duka ba ne sharri. A cikin ƙurar akwai ɗan abincin shuka, irin su fosfaras da fotash, waɗanda muke saye a buhun takin zamani. Kowane hunturu takan zuba wa gonakinmu kaɗan daga ciki kyauta. Abin da ya amfani gona dai bai amfani huhu ba.

Kafin ta iso hancinmu, ƙurar takan kwashi waɗansu abubuwa a hanya: ƙwayoyin funfuna, da busasshen kashin dabbobi, da hayaƙin ƙonar daji, da na motoci da injuna, da tokar bola. Wato iskar da muke shaƙa a ƙauye garwaye ce, ƙurar hamada da ƙurar da mu kanmu muka tayar.

Ƙanana sun fi haɗari

Ƙwayoyin ƙura ba girmansu ɗaya ba. Manya, waɗanda muke gani a kan tabarma da murfin randa, gashin hanci da majina sukan tare su, mu fyace ko mu tofar. Waɗanda kaurinsu bai wuce kashi 1 cikin 7 na silin gashi ba sukan wuce hanci su shiga maƙogwaro da hanyoyin numfashi. Akwai kuma waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 30 na silin gashi ba. Su ne ke sauka can cikin huhu, inda tari ba ya iya fitar da su, waɗansu ma har su shiga jini. Da yake manyan ƙwayoyi sukan faɗi tun a hanya, ƙananan ne suka fi yin tafiya mai nisa su iso mana.

Saboda haka ne masu asma, wato fuka, suke shan wahala da hunturu. Tsofaffi masu daɗaɗɗen tari da masu ciwon zuciya ko hawan jini su ma ciwonsu yakan tashi. Ƙananan yara sun fi kowa shiga haɗari, domin suna numfashi da sauri fiye da manya, huhunsu kuma bai gama ƙwari ba. Mura takan zame musu ciwon haƙarƙari. Ido kuwa yakan yi ja, ya yi ƙaiƙayi, in an mutstsuka da hannu mai datti ya kama ciwo.

Ƙura da sanƙarau

Tun 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya nuna cewa annobar sanƙarau ta fi yawa a ƙasashen da ke kudu da hamada, yankin da a yau aka san ya miƙe daga Sanagal har Habasha. Mu muna tsakiyarsa. Cutar takan fara yawa da hunturu, ta yi tsanani da bazara, in ruwan sama ya sauka kuma ta lafa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa.

Ba ƙurar ce ke ɗauko ƙwayar sanƙarau daga hamada ba. Ƙwayar tana zaune a hanci da maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya, tana bin tari da atishawa daga wani zuwa wani. Masana suna ganin busasshiyar iska da ƙura suna kankare fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami hanyar shiga jini, ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga shi kuma da sanyi muna cunkushewa a ɗaki ɗaya, mu toshe taga, ƙwayar ta sami sauƙin yaɗuwa.

Daga 2010 aka fara allurar rigakafin irin sanƙarau ɗin da ya yi ɓarna a 1996, kuma irin nan ya ragu ƙwarai. Amma akwai waɗansu iri. Wani dabam ne ya ɓarke a Nijar a 2015, da Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri 5. Wanda aka yi wa tsohuwar allura, kada ya ƙi sabuwar.

Abin da za mu iya yi

Ba mu da ikon tsai da iska. Muna da ikon rage abin da ke shiga ƙirjinmu, da rage ƙurar da muke ƙarawa.

1. Ranar da hazo ya yi kauri, a bar jarirai da tsofaffi da masu asma a cikin gida. Aiki mai nauyi da zai iya jira, ya jira.

2. A rufe hanci da baki da rawani ko mayafi ko ƙyalle mai tsabta, musamman masu hawa babur da masu sussuka da shiƙa. Ƙyalle yana tare manyan ƙwayoyi ne kawai. Abin rufe hanci irin na ma'aikatan asibiti mai lamba N95 ya fi shi, kuma ƙungiya za ta iya saye da yawa ta sayar wa membobinta da sauƙi.

3. A yayyafa ruwa kafin shara. Wajen shiƙa a ba iska baya, a kuma nisanta goyo daga masussuka.

4. Kada a kwana da garwashi ko itace na ci a rufaffen ɗaki. Hayaƙi yana ƙara wa huhu rauni, garwashi kuma yakan kashe mutum yana barci. A bar kafar shan iska.

5. A yawaita shan ruwa, a rufe randa da abinci, a wanke ido da ruwa mai tsabta, a shafa man kaɗanya a leɓe da ƙafa.

6. A daina ƙona daji. A bar waɗansu kara a kwance a gona domin su riƙe ƙasa. Kowace ƙungiya ta shirya dasa layin darbejiya ko bagaruwa ta gefen arewa maso gabas na ƙauye in damina ta faɗi, a kuma bar gawo ya girma a gona.

Yaushe za a tafi asibiti?

Zazzaɓi mai zafi na farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da amai, da ƙin haske, ko taune-taune, alamun sanƙarau ne. Ga jariri, maɗiga takan kumbura, ya ƙi nono. Sanƙarau yakan kashe mutum a cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma wani lokaci yakan kurumce. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Haka kuma yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, a kai shi nan da nan. Tarin da ya kai mako biyu, a je a gwada, kada a ce hunturu ne kawai, domin yana iya zama tarin fuka.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wa jama'a wannan bayani a taro na gaba. A zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa tuntuɓar malamin asibiti a kan ranakun allura, a kuma daidaita tun yanzu a kan babur ko motar da za ta ɗauki marar lafiya ko da tsakar dare ne, da asusun da za a biya kuɗin mai. Rigakafi ya fi magani.