Rediyon Ƴan Sha'awa: Kunne Da Fari, Baki Daga Baya

Ya ku manoman Babankatami da na sauran garuruwan Buza, Madawa da Keita, kun daɗe da sanin akwatin rediyo. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, kuma a 1962 aka kafa Rediyo-Kulob, inda mutanen ƙauye ke taruwa su ji shiri su faɗi ra'ayinsu. Yau za mu yi muku bayanin wani abu dabam: mutum ya kafa ƴar tasha a ɗakinsa, ya gaisa da wani a wata ƙasa, don sha'awa da neman sani kawai. Masu yin haka su ne ƴan rediyo-amatar. Ƙungiyarsu ta duniya a Paris aka kafa ta, a 1925.

To, wanda ke so, da me zai soma? Da saurare. Kada ka zuba kuɗin albasarka a na'urar magana tun ba ka san kan abin ba. Nemi akwati mai gajeren zango wanda aka rubuta SSB a jikinsa, don in babu shi muryar ƴan amatar ba ta fita sosai, sai ka ji kamar kukan agwagwa. Ka neme su tsakanin megahaz 7 da 7,2 da dare, ko 14 da 14,35 da rana. Kowace tasha tana da lambar kira: ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N, ta Faransa da F. Sami littafi ka riƙa rubuta rana da lokaci da lambar da ka ji, kamar yadda muke rubuta awon ruwan sama.

Abu na biyu eriya, wadda wasu ke ce wa antan. Don zangon megahaz 7, sami wayar jan ƙarfe mita 20, ka raba ta biyu, mita goma-goma, ka haɗa igiyar da ke sauka zuwa akwati a tsakiya. Ka ɗaure ta sama tsakanin itace biyu, nesa da wayar lantarki. Da damana, in hadari ya taso, cire igiyar daga akwatin ka fitar da ita waje, don tsawa ba ta san mai gida ba.

Ku lura, ƴar na'urar hannu ta oba-oba, mai megahaz 144, ba ta ƙetare dutse. A cikin kwarin Magiya kilomita kaɗan take kaiwa, sai an hau tudu take ƙara nisa. Gajeren zango kuwa sama yake tafiya, ya bugi wani rufin iska, ya komo ƙasa a nesa mai yawa. Batir mai bolt 12 da faranti mai ɗaukar hasken rana sun isa aikin, amma na'ura mai wat 100 tana jan wajen ampiya 20 lokacin magana.

Abu na uku, wanda ya fi kowane nauyi, shi ne takardar izini. Hukumar ARCEP da ke Yamai ita ke kula da zangunan sadarwa a Nijar. Kada ka aika ko kalma ɗaya sai ka nemi izininta ta ba ka lambar kira. A halin tsaron da ake ciki, wanda aka gani da na'urar magana ba takarda zai sha tambaya, kuma yana iya rasa kayansa. Ka sani kuma, ba a talla ko kiɗa ko cinikin hatsi a wannan zango.

Samari, ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku sayi akwati ɗaya, ku ɗaura waya ɗaya. Ku yi rani guda kuna saurare kuna rubutawa. Wanda littafinsa ya cika, shi ya kamata ya fara neman takarda. Allah ya ba mu damana mai albarka.