Mazda RX-8: Abin da Ake Faɗa a Gareji da Abin da Awo Ke Nunawa

A cikin motocin gudu na hannu da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas, da wuya a samu wadda aka jibga wa maganganu kamar Mazda RX-8. Araharta ke jan matasa, surutun da ake yi a kanta ke korarsu. Wai injinta yana shan baƙin mai kamar fetur, wai in ta ƙi tashi da safe to injin ya gama yawo, wai ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ba ta jure zafin ƙasarmu. Ruwa ba ya tsami banza, amma abin lura a kan wannan mota shi ne maganganun da suka fi kama da ƙarya su ne gaskiya, waɗanda kuma ake faɗa da bugun ƙirji a gareji su ne ke kai mai mota ga asara. Da yawa daga cikin injunan da ake yi wa jana'iza, ƙananan kaya ne da aka ƙi aunawa suka kai su kabari.

Mu fara da batun baƙin mai, domin gaskiya ne. Motar da kamfanin Mazda na Japan ya ƙera daga 2003 zuwa 2012 ba ta da fistin, ba ta da bawul. Injinta irin wanda Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙira ne: ƙarfe biyu masu kusurwa uku, kowanne yana juyawa a cikin wani gida mai siffar ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu. A kan kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ke goga bangon gidan yana riƙe matsi, irin aikin da ringi ke yi a jikin fistin. Waɗannan siraran ƙarafa suna cikin wurin da wuta ke ci, mai na ƙasan inji ba ya kai musu, shi ya sa aka sa wani ɗan famfo da ke ɗiga musu baƙin mai da gangan, man ya yi aikinsa ya ƙone tare da fetur. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Makaniken da ya ga mai yana raguwa ya ce a sauke inji a canza ringi, ya nuna bai taɓa buɗe irinsa ba. Abin tsoro a wannan mota shi ne a yi dogon lokaci ana tuƙi a ga mai bai ragu ko kaɗan ba, domin hakan na nufin ɗigon ya tsaya, ƙarafan suna goga a bushe.

Gaskiya ne kuma cewa motar ba ta son a tayar da ita a sanyaye, a matsar da ita daga rana zuwa inuwa, a kashe. Inji mai sanyi yana karɓar fetur fiye da kima, in aka kashe shi kafin ya yi zafi sai man ya kwanta a ciki, ya jiƙa fulogi, ya wanke maiƙon da ke taimaka wa ƙarafan nan riƙe matsi. Washegari kik zai yi ta juyawa da sauƙi kamar ba komai a cikin injin, kuma wannan sautin ne ke sa a yanke hukuncin cewa inji ya mutu. Sau da yawa maganin yana ƙarƙashin ƙafar direba: in aka danne totur har ƙasa ana kik, ƙwaƙwalwar motar tana yanke fetur, injin ya fitar da wanda ya taru. In abin ya yi nisa, a kwance fulogi a busar. Sai dai motar da ke yawan shaƙewa haka tana nuna wata matsalar ce a bayanta, galibi batir mai rauni, ko kik mai nawa, ko wuta maras ƙarfi.

A nan ne gizo ke saƙar. Injin yana da fulogi huɗu da kwayil huɗu, biyu ga kowane ƙarfe mai juyawa. A injin fistin, fulogi yana ba da wuta sau ɗaya a juyi biyu. A nan kuwa kowane juyi sai ya bayar, kuma samfurin mai giyar hannu mafi ƙarfi yana kaiwa juyi 9,000 a minti, wato tartsatsi 150 a daƙiƙa ɗaya. Kwayil ba ya daɗewa a irin wannan bauta, kuma ba ya mutuwa farat ɗaya, lalacewa yake a hankali. Mai mota zai ji ƙarfi ya ɗan ragu, fetur yana saurin ƙarewa, ya ɗora laifin a kan gidan mai. A wannan tsakanin fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikin matatar hayaƙi ta salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, ya ƙone a can har ta narke ta toshe. Hayaƙi ya rasa hanyar fita, zafi ya koma wa inji, ƙarafan matsi su ci wuya. Na'urar gwaji za ta nuna lamba P0420, wadda ke cewa matatar ba ta aiki yadda ya kamata, sai a ce a fasa ta a zubar, magana ta ƙare. An bar jaki ana dukan taiki. Lambar ta faɗi inda ciwo ya bayyana ne kawai; kwayil ɗin da ya kashe matatar yana nan daram, yana ci gaba da wanke injin da ɗanyen fetur.

Ƙwaƙwalwar mota kuwa, ita ce marainiyar da ake ɗora wa kowane laifi, alhali tana cikin kayan da suka fi wuyar lalacewa in ba ruwa ya shige ta ko an juya kan batir ba. Canza ta ma ba wasa ba ne, tunda a motocin da ke da tsaron makulli sai an sake haɗa ta da makullin kafin mota ta tashi. Kafin a kai ga zarginta akwai awo na minti biyar: batir mai lafiya da ya huta yana nuna kusan volt 12.6, in inji na aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Tsohuwar dabarar cire kan batir mota na aiki don a ga ko tana caji, ita ce ma ke iya ƙona ƙwaƙwalwar da ake tuhuma, domin batir ne ke shanye hauhawar wuta, in aka cire shi sai ta afka wa na'urori. Haka nan sitiyarin RX-8 na lantarki ne, kuma in ya yi nauyi sau da yawa laifin mahaɗar wayoyinsa ne, wadda ruwan lagireto da ya yi ambaliya ke ɗiga wa har ta yi tsatsa. Wutar gargaɗin ruwa ma ta shahara da ƙarya, saboda abin da ke yawo a cikin tankin ruwan yakan nutse in ya tsufa. Haɗarin shi ne direba ya saba da ganinta a kunne, ranar da ta faɗi gaskiya ba zai kula ba.

Masu cewa a cire tamostat suna da hujjar da ke shiga kunne: an ƙera motar ne don ƙasashen sanyi, mu kuwa a watan Afrilu ko inuwa zafi take. Amma tamostat in ya buɗe gaba ɗaya ba ya hana ruwa gudu, aikinsa shi ne ya kai inji ga zafin aiki da wuri ya riƙe shi a can. In mota tana tafasa da shi a ciki, a duba lagireto da ya cushe, da fanka, da murfin da ya daina riƙe matsi. Cire shi a wannan inji yana tsawaita daidai lokacin da ya fi cutar da shi, lokacin sanyi da yawan fetur da taruwar baƙin toka. Zafi kuma gaskiya ne abokin gaba ne, domin injin jeren faifan alminiyam da na ƙarfe ne da aka matse da robobi a tsakani, tafasa ɗaya mai tsanani na iya sa ruwa ya fara shiga inda wuta ke ci.

Mai ja zai ce duk wannan kare mota ne, injin dai ba shi da ƙarko. Yana da rabin gaskiya, kuma kamfanin da kansa ya amsa ta: a Amurka ya tsawaita garantin injin motocin 2004 zuwa 2008 zuwa shekara 8 ko mil 100,000, a samfurin 2009 kuma ya ƙara wa kowane gidan ƙarfe mai juyawa maɗigar mai ta uku. Ba a yin haka don injin da ba shi da aibu. To amma yarda da cewa injin na iya gajiya ba ta ba kowa damar yanke hukunci da kunne ba, tunda akwai awon da ke raba gardama. Ana auna matsi a kowace fuska ta ƙarafan biyu masu juyawa, lambobi shida ke nan, da inji mai zafi, a daidaita su kan juyi 250 a minti. Ƙa'idar Mazda ita ce kilofaskal 830, mafi ƙaranci 680. Ma'aunin injin fistin yana riƙe lamba mafi girma ne kaɗai, don haka fuska ɗaya mai lafiya za ta rufa wa biyu matattu asiri.

Gaskiya ne na'urar wannan awo ba a kowane gareji take ba. In an rasa ta, a cire bawul ɗin riƙe iska na ma'aunin gama-gari, a kalli allura tana tsalle: tsalle uku-uku masu tsayi ɗaya ake so a gani. Mai saye kuma yana da gwajin da ba ya cin ko kwabo. Inji mai raunin matsi yakan tashi a sanyaye, ya ƙi tashi in ya yi zafi. A tuƙa motar har ta yi zafi sosai, a kashe, a jira 'yan mintuna, a sake murɗa makulli. Dillalin da ya ce mai ya kusa ƙarewa a daidai wannan gaɓar, a saya masa lita biyar a ci gaba da gwajin.