Kafin Ka Sayi Fenti a Greensboro, Dubi Tagar Ɗakin

Bahaushen da ya taso a Kano ko Maradi, sannan ya kama gida a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar da 'yan Najeriya suke da yawa, yakan zo da idon da ranar ƙasarsa ta horar. A can rana tana tsakiyar ka, haskenta yana da ƙarfi, shi ya sa shuɗi mai duhu ko kore shar suke zama daram a bango, har su sanyaya ido. Greensboro kuwa tana kan digiri 36 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana kan 12. A ƙarshen Disamba, ko da tsakar rana, tsayin rana a samaniyar Greensboro bai kai digiri 31 ba, alhali a Kano yana kusan 55, kuma yinin bai cika sa'a 10 ba. Wannan bambanci shi ya kamata ya fara yanke hukunci a kan launin ɗaki, kafin sha'awar mai gida da kafin ɗan katin launin da ake ɗauka a kantin Lowe's ko Sherwin-Williams.

Dalili kuwa shi ne fenti ba shi da hasken kansa, abin da ya sauka a kansa yake mayarwa. Tagar da ke kallon arewa a wannan gari ba ta ganin rana ko kaɗan daga ƙarshen Satumba har tsakiyar Maris, sai hasken sararin sama mai ratsin shuɗi. Idan aka shafa wa irin wannan ɗaki ruwan toka, sai ya yi sanyi ƙalau, ya dushe, mutum ya rasa abin da ke sa shi ƙin zama a ciki. Ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske su ke gyara shi. Ɗakin da ke kallon kudu kuma rana tana shiga masa har ƙurya a hunturu, don haka yana iya ɗaukar shuɗi da kore, amma rawaya mai ƙarfi za ta yi masa yawa. Akwai kuma bishiyoyi. A tsofaffin unguwanni irin su Fisher Park da Westerwood da Lindley Park, manyan itatuwa sun rufe gidaje, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba hasken da ke ratsa ganyensu yana shigowa da ɗan kore, wanda farin bango ke nunawa fiye da kowane launi. Kamfanonin fenti suna rubuta wata lamba, LRV, daga 0 zuwa 100, mai nuna yawan hasken da launi ke mayarwa. Ga ɗaki mai ƙarancin rana, a nemi 60 zuwa sama.

Wani zai ce fari ya raba gardama, tunda da shi ake samun yawancin gidajen haya, kuma ba ya korar mai saye. Game da haya maganar tana da tushe: wanda ya sauya launi ba da izinin mai gida a rubuce ba yana iya asarar kuɗin ajiyarsa. Amma fari ba iri ɗaya ba ne, kuma fari tas a ɗaki mai duhu ba ya haskaka shi, toka-toka yake komawa a kusurwoyi. Wani kuma zai ce gidansa ne, abin da ransa ke so zai shafa. Ban ƙi wannan ba, domin falon da ake karɓar baƙi ranar suna ko ranar Sallah ya cancanci launi mai rai, kuma ba na ganin dalilin da zai sa mu bi duk sabon yayin da ake fitarwa a bajekolin kayan ɗaki na High Point, makwabciyar Greensboro, sau biyu a shekara. Sai dai launin da ake so ɗin ma, haske ne zai fito da shi ko ya kashe shi. A sayi ƙaramin gwangwanin gwaji, a shafa hannu biyu a faffaɗan kwali, a jingina shi da bango daban-daban kusa da labule da darduma, a duba da safe, da la'asar, da kuma dare. Daren yana da muhimmanci, domin ƙwan lantarki mai lamba 2700K yana ba da haske mai rawaya, mai 5000K kuma fari ne mai ratsin shuɗi, kuma launi guda yakan zama biyu a ƙarƙashinsu.

Abu ɗaya ya fi launi nauyi. Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidaje a 1978, kuma gidajen waɗancan tsofaffin unguwanni sun girmi wannan shekara nesa ba kusa ba. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san abin da ƙurarta ke yi wa ƙananan yara. Doka ta wajabta wa mai sayar da irin wannan gida ko mai ba da shi haya ya bayyana abin da ya sani game da dalma a cikinsa. Kada a kankare tsohon fenti ko a goge shi a bushe sai an gwada shi, kuma idan an sami dalma, a kira mai fentin da ke da takardar shaidar hukumar kare muhalli ta EPA.