Ma'anar "Fistula" a Ilimin Likitanci da Matsayin Kalmar "Yoyon Fitsari" a Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1980, lokacin da aka fara yekuwar wayar da kan jama'a game da larurar da doguwar naƙuda kan bar wa mata, gidajen rediyo da jaridun Hausa suka saba fassara kalmar likitanci ta "fistula" da "yoyon fitsari". Fassarar ta karɓu ƙwarai, har ta kai ga yawancin masu fassara sun ɗauka kalmomin biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da likitoci ke nufi da fistula, sannan ta auna kalmar Hausar da wannan ma'ana, domin a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Za a nuna cewa kalmar likitancin tana ambaton wata kafa ce da ta buɗe a cikin jiki, ita kuwa ta Hausar tana ambaton abin da ake gani a waje sakamakon buɗewar kafar, kuma rashin lura da wannan bambanci yana iya sa mai fassara ya isar wa marar lafiya da bayanin da ba shi likita ya yi ba.

2.0 Asalin Kalmar da Ma'anarta

Kalmar fistula daga Latin ta fito, inda take nufin bututu, ko kara mai rami a ciki, ko sarewar da ake yi da irin wannan kara. Siffar bututun ce likitoci suka ara. A wurinsu, fistula hanya ce da ba ta cikin tsarin halittar jiki, wadda ta haɗa wasu sassa biyu masu rami a ciki, kamar mafitsara da farji, ko kuma ta haɗa sashe mai rami da fatar waje. Ke nan akwai sharuɗɗa biyu a cikin ma'anar. Na farko, dole hanyar ta kasance da baki biyu, ɗaya a kowane ɓangare. Idan bakinta ɗaya ne, ɗaya ƙarshen kuma a toshe, likitoci suna da wani suna dabam da suke kiranta da shi. Na biyu, hanyar takan dawwama a buɗe, domin abin da ke bi ta cikinta, fitsari ne ko bayan gida ko mugunya ko jini, yana hana ta haɗewa, sau da yawa kuma bangonta yakan yi wata fata ta ciki. Wannan ne ya raba ta da rauni na yau da kullum, wanda yakan kame da kansa.

A Larabci ana kiran wannan larura "nasur", kalmar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da "basur" a littattafan ɗibbu. Abin lura shi ne Hausa ta ari "basur" har ta zama ta kowa, amma "nasur" ba ta samu shiga bakin jama'a ba. Wannan giɓi yana daga cikin dalilan da suka sa har yau mai fistular dubura yakan ce basur ke damunsa.

3.0 Ire-iren Fistula

Likitoci kan raɗa wa kowace fistula suna ta hanyar ambaton sassa biyun da ta haɗa. Ga misalai:

(1) Ta mafitsara da farji. Fitsari na tsiyaya ta farji dare da rana, ba tare da mace ta ji alamar zuwansa ba. Ita ce aka fi sani a Nijeriya.

(2) Ta dubura da farji. Bayan gida da iska ke fita ta farji. Takan zo ita kaɗai, takan kuma zo tare da ta (1).

(3) Ta bakin dubura da fatar da ke kewaye da shi. Yawanci takan biyo bayan maruru da ya yi ruwa a ciki ya fashe, kuma ta fi kama maza. Mugunya ce ke fita.

(4) Ta hanji da fatar ciki, wadda kan auku bayan tiyata ko rauni ko wasu cututtukan hanji.

(5) Ta hanyar iska da hanyar abinci. Akan haifi jariri da ita, nono ya riƙa sarƙe shi yana shiga huhu.

(6) Ta jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi. Wannan likita ne kan ƙirƙire ta da gangan a hannun mai ciwon ƙoda, don a sami jijiya mai ƙwari da za a riƙa yin wankin ƙoda ta cikinta. Brescia da Cimino da abokan aikinsu ne suka bayyana wannan dabara a Amurka a 1966.

Daga cikin waɗannan shida, ta farko kaɗai ce ke da alaƙa da fitsari. Tarihin likitancin Turai ma ta (3) ya fi ba muhimmanci da daɗewa: ita aka yi wa Sarkin Faransa Louis na 14 aiki a kanta a 1686, kuma dominta da sauran cututtukan dubura aka kafa Asibitin St Mark a Landan a 1835.

4.0 Fistular Haihuwa

Tunda nau'i na (1) da na (2) ne suka shigo da kalmar cikin Hausa, ya dace a tsaya a kansu. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya kasa wuce ƙashin ƙugun uwa, to kan yakan danne tsokar farji da bangon mafitsara a jikin ƙashin mara. Dannewar tana tsayar da gudun jini a wurin, kuma tsokar da jini bai kai mata ba mutuwa take yi. Bayan kwanaki kaɗan, galibi tsakanin 3 zuwa 10 da haihuwa, sai matacciyar tsokar ta zube, ta bar kafa. Wannan jinkiri yana da muhimmanci, domin shi ke sa dangi su kasa danganta yoyon da naƙudar, su jingina shi ga sammu ko iska ko wani abin da mai jego ta ci. A mafi yawan lokuta jaririn ba ya zuwa da rai, wani lokaci kuma dannewar takan taɓa jijiyar ƙafa, mace ta riƙa jan ƙafa idan tana tafiya.

Larurar daɗaɗɗiya ce. A 1935 Derry ya bayyana samun irin wannan kafa a busasshiyar gawar Henhenit, wata mata ta gidan sarautar Masar da ta rayu wajen shekara 2050 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ibn Sina ma ya lura da dangantakar yoyon da wahalar haihuwa. Ta fuskar ɗinki kuwa, akan ambaci J. Marion Sims na Amurka, wanda ya wallafa dabararsa a 1852, bayan ya gwada ta sau da dama a kan bayi mata baƙar fata a Alabama ba tare da maganin kashe zafi ba, abin da har yau ake zarginsa a kai. A Afirka, Reginald da Catherine Hamlin sun buɗe asibiti na musamman a Adis Ababa a 1974.

A Nijeriya, binciken da Tahzib ya wallafa a 1983 a kan mata 1,443 da aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kimanin kashi 13 kuma yankan gishiri ne. Dokta Kees Waaldijk ya fara aikin ɗinki a Babbar Ruga, Katsina, a 1984, ya kuma nuna cewa ƙaramar kafa sabuwa tana iya rufewa idan aka bar robar fitsari a mafitsara na 'yan makonni. Kada a ɗauka larurar ta Arewa ce kurum: Dokta Ann Ward ta yi wannan aiki na tsawon shekaru a Itam, kusa da Uyo, akwai kuma cibiyar tarayya a Abakaliki, kamar yadda ake da su a Katsina da Ningi. Saboda haka matsalar suna da ake tattaunawa a nan tana iya fuskantar masu fassara zuwa Ibo da Ibibiyo da sauran harsunanmu.

5.0 Nazarin "Yoyon Fitsari"

Ta fuskar ƙira, "yoyon fitsari" harɗaɗɗen suna ne: yoyo, da harafin nasaba -n, da fitsari. "Yoyo" kalma ce da aka fi jinta tare da rufin ɗaki ko tulu ko bokiti, wato ruwa na fita ta inda bai kamata ba. Ƙirar ta bi tafarkin da Hausa ta saba bi wajen raɗa wa cuta suna, inda ake duba alama ko wurin da ke ciwo, kamar a "toshewar hanci" da "hawan jini" da "shanyewar ɓarin jiki". Wannan ne sirrin karɓuwarta: duk wanda ya ji ta ya gane, kuma ba ta ambaci al'aura ba, don haka ana iya faɗarta a rediyo ko a gaban surukai ba tare da an keta kunya ba.

Amma idan aka ɗora ta a kan ma'anar da aka bayar a 2.0, za a ga matsala ta fuska biyu.

Ta fuska ta farko, kalmar ta yi ƙunci. Ba ta ɗauki misalai na (2) zuwa (6) ba. A dubi wannan jimla da mai tafinta zai iya faɗa wa magidanci mai ciwon ƙoda:

(7) Likita ya ce gobe za a yi maka yoyon fitsari a hannu.

Jimlar ba ta da aibi a nahawu, amma ba ta da ma'ana, mai yiwuwa ma ta sa marar lafiya ya gudu daga aikin da zai ceci ransa. Haka kuma, sanarwar da ta kira "masu yoyon fitsari" su zo a yi musu aiki kyauta ta bar macen da bayan gida ne ke zubo mata, alhali likitan da ya ba da sanarwar yana nufin har da ita.

Ta fuska ta biyu, kalmar ta yi faɗi. Ba kowane yoyo ne fistula ke kawowa ba. Akwai matan da fitsari kan kuɓuce musu idan sun yi tari ko dariya ko sun ɗauki kaya mai nauyi, saboda tsokar da ke riƙe bakin mafitsara ta saki. Akwai tsofaffi maza da kumburin wata tsoka a ƙarƙashin mafitsara ke sa su ɗigar fitsari. Akwai kuma waɗanda jijiyar lakarsu ta taɓu. Duk waɗannan yoyo suke yi, amma babu kafa, maganinsu kuma dabam ne. Likita kan bambance ta hanyar zuba ruwa mai launin shuɗi a mafitsara ya ga ko zai ɓullo ta farji. Har ila yau, akan ɗinke kafar ta rufe sarai, amma wasu matan su ci gaba da yoyo saboda bakin mafitsara ya lalace. A nan likita zai ce fistula ta warke, mace kuma ta ce yoyon fitsari bai warke ba, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Idan mai tafinta ya fassara maganar likita da "yoyonki ya warke", ya sa ta ɗauki likitan maƙaryaci.

6.0 Shawara

Hanyoyi uku ne sanannu wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi, kamar yadda aka bi a aikin kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990: aro, da faɗaɗa ma'ana, da ƙirƙira.

Aro yana da sauƙi a nan, domin gaɓoɓin fis-tu-la sun dace da tsarin gaɓar Hausa, ba sai an yi musu kwaskwarima ba. Naƙasunsa shi ne bai gaya wa mai sauraro komai. Ta fuskar faɗaɗa ma'ana, "huda" da "ɓula" suna nuna kamar wani abu mai tsini ne ya soki wurin, "rami" kuma bakinsa ɗaya ne, ya saɓa wa sharaɗi na farko. "Kafa", kamar a "kafar hanci", ta fi kusa, domin ta ƙunshi ma'anar mashiga da mafita. Ta fuskar ƙirƙira, Hausa tana da "ɓarauniyar hanya", wato hanyar da ake bi a kauce wa ta ainihi. A kan wannan ƙira ana iya samar da "ɓarauniyar kafa", wadda ta tattara buɗewa da kaucewa daga tsari.

Shawarar wannan maƙala ita ce a riƙe "fistula" a rubuce-rubucen ilimi da na asibiti a matsayin sunan jinsi, a bayyana ta da "ɓarauniyar kafa" a farkon ambato, sannan a riƙa ambaton sassa biyun da ta haɗa kamar yadda likitoci ke yi. A bar "yoyon fitsari" a matsayinta na sunan alama, a kuma riƙa haɗa ta da "yoyon bayan gida" a duk sanarwar da ta shafi fistular haihuwa. Game da nau'i na (6), tunda da gangan ake yin sa, "haɗin jijiya" ya wadatar.

7.0 Kammalawa

An ga cewa fistula a likitance hanya ce mai baki biyu da ta haɗa sassan jiki ba bisa tsari ba, kuma tana da ire-ire da yawa waɗanda ɗaya daga cikinsu ne kawai Hausa ta raɗa wa sanannen suna. An kuma ga cewa "yoyon fitsari" ta yi ƙunci ta wata fuska, ta yi faɗi ta wata. Tun daga 2013 ake gudanar da ranar yaƙi da fistular haihuwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kowace 23 ga Mayu, kuma a irin wannan rana ana fassara sanarwa masu yawa zuwa harsunan Nijeriya. Zai yi kyau masana harshe su zauna da likitoci da ungozomomi da su kansu matan da larurar ta shafa, a gwada waɗannan kalmomi a kunnensu kafin a tsayar da su, a kuma gudanar da irin wannan nazari a sauran harsunan ƙasar domin a kwatanta sakamako.