Wayar Hannu da Lafiyar Ginin Majami'a

Ba mu manta da watan Satumba na shekarar 2014 ba, lokacin da masaukin baƙi na majami'ar Synagogue a Legas ya rushe, mutum 116 suka rasu. A Disamba 2016 kuma rufin wata majami'a a Uyo ya rufta a kan masu sujada. Sau da yawa gini yakan fara nutsewa ko karkacewa kaɗan kaɗan kafin ya faɗi, sai dai ido ba ya gani.

Injiniyoyi sun daɗe suna auna irin wannan motsi da na'urar GPS, wadda ke karɓar sigina daga taurarin ɗan Adam masu nisan kimanin kilomita 20,000 daga ƙasa. Akan kafa na'ura ɗaya a saman gini, ɗaya kuma a wurin da ba ya motsi, a riƙa gwada su. Amma na'urorin suna da tsada ƙwarai.

A 2016 kamfanin Google ya buɗe hanyar samun ɗanyen awon tauraro daga wayoyin Android. A 2018 aka fitar da Xiaomi Mi 8, mai karɓar sigina ta zango biyu. Tun daga nan masana suke ɗaure waya wuri guda na sa'o'i, su sarrafa awon da kwamfuta, har su gane motsin 'yan santimita.

To, amma kada mu yi saurin murna. Ɗigon da muke gani a taswirar waya yakan kauce da wajen mita 5. Eriyar waya ƙarama ce, kwanon rufi kuma yana mayar da sigina ya rikita lissafi. Dabarar ta fi dacewa da dogayen gadoji da benaye masu lilo cikin iska. Tsagar bangon majami'armu kuwa da milimita take buɗewa. Don haka duk wanda ya ɗora waya a kan rufi ya ce wa dattawan ikilisiya gini lafiya lau, a yi masa godiya, kada a dogara da maganarsa.

Duk da haka waya tana da aiki a hannun kwamitin gini. A sa rula kusa da tsagar, a ɗauki hotonta kowane wata, musamman da damina, a rubuta kwanan wata. Idan tana ƙaruwa, ko ƙofa ta daina rufuwa, a nemi injiniya mai rajistar COREN, a mayar da sujada ƙarƙashin rumfa har ya duba.