Sirrin Ciniki Amana Ne

A kasuwar Dawanau, da ƙauyukan Bichi da Dambatta inda ake saro riɗi da wake, jarin attajiri ba kuɗi kaɗai ba ne. Sunayen manoman da yake saye a wurinsu, da farashin da ya ƙulla da masu fitar da kaya waje, duk dukiya ce. Sau da yawa kuwa yaron gida, wanda aka saki jiki da shi, shi ke kwashe wannan sirri ya kai wa wani ɗan kasuwa.

To, me Shari'a ta ce? A taron da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yi a Kuwait cikin 1988, malamai sun tabbatar da cewa sunan ciniki da alamar kaya da ƙirƙira hakkoki ne masu ƙimar dukiya, bai halatta a keta su ba. A kan haka muke kiyasta sirrin ciniki. Wanda ya tona shi ba a yanke masa hannu, domin bai ɗauke kaya daga ma'ajiya ba. Laifinsa cin amana ne, alƙali na iya yi masa ta'aziri, ya ɗora masa lamunin ɓarnar da ya jawo.

Ta fuskar dokar ƙasa kuwa, Nijeriya ba ta da doka ta musamman a kan wannan. Kotuna suna dogara ne ga yarjejeniyar aiki da ƙa'idar riƙon sirri da aka gada daga Ingila. Mai ƙara zai nuna abu uku: cewa abin sirri ne, an damƙa shi bisa amana, an kuma yi amfani da shi ba da izini ba. Idan ya tabbatar, kotu tana iya hana ci gaba da amfani da sirrin, ta sa a biya diyya, ko a mayar da ribar da aka ci.

Amma mu sani, ƙwarewar da yaro ya samu a bakin aiki tasa ce, ubangida ba shi da ikon hana shi neman abinci da ita.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu rubuta sharuɗɗa a gaban shaidu tun ranar ɗaukar yaro, mu fayyace masa abin da yake sirri. Hujja a wuyan mai ƙara take, sirrin da aka baza a rumfa kuwa ba alƙalin da zai iya kare shi. Mu kuma biya yaranmu hakkinsu, mu sallame su da jari idan lokaci ya yi.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.